Rigar da Ta Gasa Ni a Hanyar Bukit Tinggi

Sabitu ya ƙona mini baya, sannan ya zagaya gari yana cewa ciwona ne ya tashi. Ban yafe masa ba, kuma duk mai shirin yi mini wa'azin haƙuri ya adana yawunsa. Ƙunar ta warke, tabon ma na saba da shi. Ƙaryar ce ta tsaya mini a maƙogwaro.

Ni ba yarinya ba ce lokacin da na sauka Kuala Lumpur. Sai da na yaye ɗana na uku kafin na riƙe fensir, a ajin manya na yamma a Kachia, ina tashi daga gaban kaskon ƙosai in tafi da warin mai a jikina. Daga nan ban sake tsayawa ba har na zama malamar gona, ina bin ƙauyuka a kan mashin. Da cuta ta faɗa wa citta a wajenmu, na ga magidanta suna tono ruɓa a gonar da suka zuba duk abin da suka mallaka. Abin da ya kawo ni ƙasar nan ke nan. An ce akwai manoman citta a kan duwatsun Bukit Tinggi, can gaba da birni, da suka iya ja wa ruwa hanya kada ya kwanta a gindin shuka. Gwamnati ta ɗauki nauyin karatuna, na zo in auna, in gani da idona, in kai gida.

A Sentul na kama ɗaki, a wani dogon bene mai kallon layin dogo. Wanda ya ce maka ƙasar waje sanyi gare ta bai zo Sentul ba. Gumi kake kwana da shi, gumi kake tashi da shi, wanki ba ya bushewa sai ya yi tsami. Na sayi ɗan ƙaramin mashin na hannu, irin wanda kowa ke hawa a nan har tsofaffin mata, na ce to, ko ba komai na huta da abu ɗaya, ni da sanyi mun rabu.

Ina da dalilin faɗin haka. Sikila gare ni. Likitoci suna cewa tawa mai sauƙin ce, amma duk wanda ya kira ta mai sauƙi bai taɓa jin ana sara masa ƙashi da gatari daga ciki ba. Sanyi ne babban abokin gabata, musamman in ya haɗu da jiƙa.

Zuwana dutsen na farko na fita da asuba, don manoman da sassafe suke buɗe magudanan ruwansu, in rana ta ɗaga ka rasa abin gani. Daga ni sai doguwar riga da hijabi. Ina barin birni hanya ta fara hawa, daji ya rufe hagu da dama, sai iska ta canza. Na shiga wani dogon rami da aka huda a cikin dutse, ina fitowa ɗaya gefen na tarar da ruwan sama da hazo fari fat. Wallahi na ɗauka ɓata na yi na shiga wata ƙasa. Yatsuna suka ƙi matse birki. Haƙorana suna haɗuwa har ina jin ƙararsu a cikin hular kwano. Na yi aikin ranar da ƙyar, na dawo, kafin dare ina gadon asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu ina kiran uwata da ta daɗe a ƙasa.

Da aka sallame ni na je ofishin malamata a Jalan Semarak. Furof muke ce mata, wata 'yar siririyar mace ce 'yar asalin ƙasar, mai magana a hankali kamar ba ta son ta tashi barcin wani. Ta ba ni kujera, ta ba ni shayi, sannan ta yanka ni.

“Larai,” ta ce, “in ciwon nan ya sake kayar da ke saboda dutsen nan, na cire shi daga aikinki. Akwai awon da wasu ɗalibai suka yi a baya, ki zauna a ofis ki yi rubutu da shi. Ba zan aika wa 'ya'yanki gawa ba.”

Na ce, “Furof, in zaman ofis nake so, da ban bar ƙosaina ba.”

Ta yi murmushi, amma ba ta janye maganar ba. Kuma girbi ya matso. In aka tone cittar ban ga gindinta a ƙasa ba, shekarar ta tafi.

Na shiga neman abin da zan sa. Na fara da wani shagon kayan mashin a Sentul, na wani Basine mai tabarau a goshi. Na yi masa bayani da Turancina na tsufa cewa rigar sanyi nake so, ta hawa mashin. Ya dube ni, ya dubi ranar da ke dukan titi, ya kira yaran shagonsa su zo su ji. Da ya ga ban yi dariya ba ya nutsu. Ya nuna mini hoto a wayarsa: akwai riga mai ɗumi da ake jona wa batirin mashin, akwai safar hannu mai ɗumi, har mariƙin mashin akwai wanda ke ɗaukar zafi. Amma ya ce ba ya ajiye su, wa zai saya a nan? Sai dai ya aika a kawo daga waje, kuma zai ɗauki lokaci. Lokacin ne ba ni da shi. Na sayi rigar ruwa mai wando, da safar hannu ta fata, na fito.

Maganar ta isa wajen 'yan'uwanmu ɗalibai, can shagon mamak, wato mai shayin ƙasar nan, inda suke taruwa shan shayi bayan la'asar. Yara ne, yawancinsu na haife su. Ina shiga wani ya ce, “Ga Anti Larai mai tafiya ƙasar ƙanƙara!” Wani ya ce a nemo mini bargon Sakkwatawa. Na ce musu duk wanda uwarsa ta haife shi da jini mai kyau ya gode wa Allah ya rufe mini baki.

A nan Sabitu ya jawo kujera kusa da ni. Shi ba ɗalibi ba ne, ko kuma ya taɓa zama ya bari, ba wanda ya san gaskiyar. Shi ke kawo mana kuka da daddawa da kilishi, shi ke nemo wa baƙo ɗaki, shi ke canjin kuɗi. Bakinsa kamar an shafa zuma.

“Antina ta kaina, ki rabu da yaran nan, ba su san ciwon kansu ba. Ai kin zo gidan sauƙi. Kayan nan ina da su jibge, masu wucewa Ingila nake sayar wa. Me ya kai ki wajen Basine alhali ga ɗanki?”

Kalmar nan ta “ɗanki” ita ta ci ni. Wata da watanni ban ji wanda ya yi mini magana irin ta gida ba sai ta waya, in maigidana Baban Nura ya kira yana tambayar inda na ajiye takardun makarantar yara.

Washegari ya zo Sentul da jakar Ghana-mas-go, ya zazzage a tsakar ɗakina. Riguna ne marasa hannu, baƙaƙe, kowacce da 'yar igiya a aljihu da ake jona wa batirin cajin waya. Na zauna zaɓe kamar yadda na san ana zaɓen kaya a kasuwa. Na ja ɗinki in ga ko zai buɗe. Na ɗaga wa haske. Na shinshina. Na auna nauyi a hannu, don a wajenmu abu mai nauyi shi ne mai ƙwari. Sannan na ce ya kunna mini su ɗaya bayan ɗaya in taɓa.

Ta farko ɗumi-ɗumi kawai take yi, ga madanni mai canza launi, a rage ko a ƙara. Na ce wannan ai wasan yara ne. Ta biyu haka. Ta uku kuwa, kafin in gama gyara zama ta ɗauki zafi kamar dutsen guga, sai da na janye tafina. Madanninta ɗaya, a kunna, a kashe, shi ke nan.

“Wannan fa?”

“Anti, kin san kaya! Wannan ita ce uwarsu. Ba ta san wasa ba. Waɗancan na masu jin sanyin gayu ne.”

“Yaya ake sa ta? A kan riga?”

“Haba, a kan riga kuma? Ai rigar ce za ta shanye zafin. Kamar singileti za ki sa ta, ta manne da fata.” Ya laluba cikin jakar ya ciro 'yar kwalbar man zafi, irin namu na gida mai sa hawaye. “Ga gyara. Ki shafe bayanki da ƙirjinki da shi tukuna, ki ɗora rigar a kai. Zafin zai ratsa har ɓargo. Sanyi in ya gan ki sai ya canza hanya.”

Ban ga abin musu a nan ba. Wace uwa ce a ƙasarmu ba ta shafe yaro da man zafi ta lulluɓe shi ba? Na tambaye shi takardar bayanin da ke zuwa da kaya, ya ce da Sinanci take, ya jefar.

Ranar tafiya na yi sallar asuba na shirya. Na lafta man a baya iya inda hannuna ya kai, na sa rigar, na ja zif har wuya. Na ɗora doguwar riga, na ɗora rigar ruwa, na cusa hijabi a ciki saboda taya. Na ɗauko gyale na tamke ƙugu tamau don kada iska ta sami ƙofa. Sannan na goya jakar kayan awo, mai nauyi, ta danne komai. Na lalubi madannin ta cikin kaya na danna kafin in rufe zif na ƙarshe.

Har na wuce Gombak ina yi wa Sabitu addu'a. Iska na dukan ƙirjina, ni kuwa kamar ina zaune a bakin murhu. Na ce Allah ya yi wa yaron nan albarka.

Da hanya ta fara hawa, bayana ya fara raɗaɗi. Na ce man ne yake aikinsa, ai haka yake yi. Raɗaɗin ya koma cizo. Na ce yau na sami mai kyau. Ruwa ya sauko, manyan motoci suka sa ni a tsakiya, wata a gaba wata a baya suna watsa mini ruwa, ga gefen hanya babu wurin tsayawa sai ƙarfe da rami. A cikin ramin dutsen nan ne na gane ba lafiya ba. Ji na yi kamar an jera mini allurai an sa su a wuta. Na saki hannu ɗaya ina dukan ƙirjina ina neman madannin, amma yana ƙarƙashin rigar ruwa, ƙarƙashin hijabi, ƙarƙashin igiyar jaka. Mashin ya yi tangal-tangal, mai babbar mota ya danna mini oda har cikin kaina. Na mayar da hannu. Na ce Larai, ko ki ƙone ko ki shiga ƙarƙashin taya, zaɓi ɗaya. Na zaɓi ƙuna.

Da na fito na sami wuri na tsaya, sai kuma na ji zafin ya lafa. Na kashe rigar, na ce alhamdu lillahi, ashe tsoro ne. Ban san fatar ce ta daina ji ba. Ban tuɓe a bakin titi ba, wace mace ce za ta yi? Na ƙarasa gonar a haka.

Gonar ta wani tsoho ce, Ankul Tan, da matarsa da nake kira Anti, ko da yake ba ta girme ni da yawa ba. Hausa babu, Turancinta kaɗan, Malayancina na sayen abinci ne. Tana ganin yadda na sauko daga mashin ta ajiye kwandonta. Ta kama hannuna ta ja ni rumfar da suke wanke citta, ta kori mazan, ta sauke labulen buhu. Muka shiga cire kaya ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo kan rigar, na zuge zif, ta kama ta baya za ta zare, sai ta tsaya. Rigar ta ƙi fita. Ta ja a hankali, na ji wani abu ya biyo ta.

“Aiyo!” ta ce. “Aiyo, aiyo!”

Ta ɗauki hoto da wayata ta nuna mini. Na daɗe ina kallo ban yarda bayana ba ne. Layuka ne jajaye a jere, sun tafi sun dawo, sun tafi sun dawo, daidai yadda wayoyin rigar suke kwance, kamar an ɗora nama a kan ragar mai tsire. Wani wurin ya yi bororo, wani wurin fatar na jikin rigar. Innalillahi kawai nake maimaitawa.

Sai na ga ta jawo tiyon ruwa. Na daka tsalle. Ruwan dutse, mai sanyin ƙanƙara, a jikina? Abin da na yi duk wannan wahalar don in guje wa? Na ce mata a'a, ta kawo ɗanyen ƙwai ko gishiri. Na nuna ƙasusuwana, na yi mata alamar ciwo. Ban san me ta fahimta ba. Ta tafi da gudu, ta dawo da bargo da kofi. Ta naɗe mini ƙafafu da cinya da bargon, ta rufe mini ƙirji da rigar mijinta, ta danƙa mini kofin ruwan citta mai zafi a hannu biyu, ta zaunar da ni a kan buhu. Sannan ta saki ruwan a bayana kaɗai, siriri, tana tare shi da tafinta kada ya gangaro gaba.

“Boleh, boleh,” take ta cewa, wato za ki iya. Kofi na ƙarewa ta sake cikawa. Ina kuka ina sha. Matar da ban san sunanta na yanka ba.

Ankul Tan ya kai ni wani ƙaramin asibiti a Bentong cikin motarsa ta kayan gwari. Likitar na buɗe bayan ta toshe hanci ta tambaye ni me na shafa. Na faɗa mata. Ta ajiye almakashinta ta dube ni.

“Wa ya ce ki haɗa man zafi da abin ɗumi? Ba a haɗa su, ko jakar ruwan zafi ce. Kuma irin rigar nan a kan wata rigar ake sa ta, ba a kan fata ba.”

Ta wanke, ta ɗaure, ta duba ni sosai ta ce ciwona bai motsa ba, kuma in na kiyaye ƙunar za ta rufe. Ina fitowa na kira Sabitu na gaya masa abin da rigarsa ta yi. Ya yi salati, ya ce yana zuwa, ya kashe waya.

A motar gwarin aka dawo da ni birni, ina zaune a karkace tsakanin kwandunan kabeji. Tun kafin mu shigo gari wayata ta fara ƙara. “Anti, ya jiki? An ce ciwon ya tashi a kan dutse.” “Anti Larai, sannu, sikila ba ta da kirki.” Har matar wani da ban taɓa gani ba ta aiko mini da addu'a. Na karanta, na sake karantawa. Na ce wa direban ya sauke ni a shagon mamak.

Sabitu yana nan kuwa, ya tasa roti da shayi a gaba. Yana ganina ya miƙe.

“Anti! Ai da kin kwanta, yanzu nake shirin...”

“Wa ya ce ciwona ya tashi?”

Ya matso yana rage murya. “Anti, mu je waje.”

“Nan za ka faɗa. Wa ya ce?”

“Ki rufa mini asiri, don Allah. Yara masu tafiya sun riga sun yi odar kayan nan. In aka ji riga ta ƙona mutum, na mutu. Ke kuwa kowa ya san da lalurarki, ba wani sabon abu ba ne. Me zai ragu a jikinki?”

Na tsaya ina kallon bakinsa. Wallahi ko a cikin ramin dutsen ban ji abin da na ji a lokacin ba. Yaron da ya kira kansa ɗana, ya ɗauki ciwon da aka haife ni da shi ya yi murfin tukunyarsa.

Ban gama haɗiye wannan ba sai Mubarak, wanda muke ƙarƙashin malama ɗaya da shi, ya taso yana murza hannu. Yaron kirki ne, shi ya sa abin ya fi ciwo.

“Anti, ni fa na riga na sanar da Furof. Don ta tausaya miki na yi, wallahi. Ta ce Allah ya sawwaƙe, kuma in karɓi makullin akwatin kayan awo in ajiye mata a ofis, ba za ki sake hawa ba.” Ya kasa haɗa ido da ni. “Na tarar da shi a teburinki, na kai.”

Na ciro rigar daga leda na shimfiɗa ta a kan teburinsu, tsakanin kofuna, cikinta a sama. Ba sai na yi bayani ba, abin da ke manne a jiki ya isa. Wani ya ture farantinsa. Wanda ya ce a nemo mini bargo ya rufe baki da hannu. Na ce masu tafiya Ingila su duba da kyau, ga abin da suka yi oda. Na naɗe abata na fita, Sabitu na bina da “Anti, Anti” har bakin titi. Ban waiga ba.

Ranar a kife na kwana. Baban Nura ya kira, na ce masa lafiya lau, ana ta ruwa.

Gari na wayewa na biya shagon Basinen nan yana ɗaga ƙofa. Na ce ya aika a kawo mini mai madannin ragewa, da safar hannun, ko yaushe za su iso, kafin nan zan jera riguna a ƙarƙashin rigar ruwa. Daga can na hau bas zuwa Jalan Semarak a tsaye, don ba na iya jingina. Na riga masu shara isa. Furof na zuwa ta same ni a ƙofarta.

“Larai! Me ya fito da ke? Ai ya kamata kina asibiti.”

Na bi ta ciki, na mayar da ƙofa na murza makulli. Takardar likita na cikin jakata, ban ciro ta ba. Na cire hijabi na ɗora a kan kujera, na juya mata baya, na ɗaga riga, na kama bakin bandejin na ɓanɓare.

Na ji ta ja numfashi.

Na ce, “Furof, kin ce in ciwona ya kayar da ni. Duba da kyau. Sikila ba ta zane a fata. Wannan aikin waya ne da ɗan'adam. Sanyin dutsenki bai taɓa ni jiya ba.”

Na saki rigar, na juyo, na miƙa mata tafin hannuna.

“Makullin akwatina. Jibi Ankul Tan zai fara tono.”